Giwayen da Yaya Illa Ya Roƙa

Ku gyara zama, ku ba ni kunne. Mai jan carbi ta riƙe shi tukuna, mai goyo ta lallashi nata. Tun da muka komo daga Najeriya ban samu sakewa ba. A rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, a wurin gaisuwar rasuwa ma sai wata ta matso ta ce, Rabi, da gaske kun ga giwa? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. Yau zan faɗe shi gaba ɗaya, daga ƙofar gidanmu a Dakoro har komowa, ɗiyata tana rubutawa, don ni ban shiga lakwal na yi boko ba.

Ba don kaina na yi tafiyar nan ba. Don wana ne, Yaya Illa, wanda muke ciki ɗaya da shi. Kun san shi. Tun yana ƙarami yake bayan dabba. Ya yi kiwon shanu, ya yi kiwon raƙuma, ya san jimina da barewa tun lokacin da suke yawo arewa da Tagiris ba mai damunsu. Da aka kawo raƙuman dawa Gadabeji, ya hau jaki ya je ya gan su. Giwa kaɗai ta rage masa. Ubanmu ya taɓa ganinta sa'ad da yake kora shanu kudu da ƙafa, kuma har ya rasu yana labarinta.

Sai idon Yaya ya fara ja baya. Likita a Maradi ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu. Gefe da gefe ya fara rufewa, har ya zama yana ganin duniya kamar mai leƙe ta bakin buta. Abin da ke gabansa sak yana gani, abin da ke kusa da kafaɗarsa sai an faɗa masa. Bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Ya dai ce da ɗana Lawali, in da hali, yana so ya ga giwa kafin a rufe masa taga.

Lawali falken dabbobi ne, yana kai shanu Kano, a can ya ji labarin dajin Yankari da ke ƙasar Bauchi. Ya ce a shirya a tafi cikin makon. Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, shanunmu ana ɗaga su da hannu. Muka zauna a tsakar gida ana dafa shayi, Yaya Illa ya girgiza kai.

"Wa ke zuwa kallon dabba da rani, Lawali? In za ka nuna wa baƙo garkenka, ai sai ka bari ciyawa ta shiga jikinsu. Ban jira shekarun nan duka ba don in je in ƙirga haƙarƙarin giwa."

Duk wanda ke wurin ya ce wannan magana ce. Ni ma na ce magana ce. A wurinmu dabba da kaka ake ganinta, ta yi sheƙi, tozo ya miƙe, ɗan maraƙi yana tsalle. Ba wanda ya ce a tambayi mutanen can. Muka aje tafiya sai an yanke hatsi. Damina ta zo ta wuce, muna jiran giwa ta yi ƙiba, idon Yaya kuwa yana ƙara tsukewa.

Da kaka ta yi muka ɗaura kaya. Na yi dawo, na ƙulla cuku da kilishi da dabino, Yaya ya ɗauki butar shayinsa da sandarsa. Mu uku: shi, da ni, da Lawali. Motar Maradi ta cika har an ɗora mutane kan mutane. Kusa da Kornaka taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin wata aduwa, shofer mai tuƙa mu yana zage-zage, Yaya kuwa ya hura gawayi ya yi wa kowa shayi, har shofer ɗin ya huce. A Maradi muka kwana gidan wata ƴar ƙanwar mijina, gari na wayewa muka nufi Ɗan Isa.

A bakin iyaka aka karɓi takardunmu. Na ɓangarenmu ba su tsare mu ba. Da muka tsallaka, wani ma'aikaci matashi ya dubi hoton kart ɗin shaidar Yaya, ya dubi Yaya, bai ga komai ba sai idanu biyu tsakanin rawani. Ya ce, Baba, a sauke amawali. Ku da kuka san Yaya kun san ko surukansa ba su taɓa ganin bakinsa ba. Ya tsaya kamar an dasa shi. Lawali ya yi ta roƙo, yaron ya ce aikinsa ne, kuma gaskiyarsa. Daga ƙarshe na buɗe mayafina na yi masa labule, shi da ma'aikacin suka shiga ciki kamar masu ƙulla asiri. Da suka fito, yaron ya tambaye mu ko asibiti za mu, ko biki. Lawali ya ce ganin giwa. Yaron ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Ya ce shi a ƙasar aka haife shi, bai taɓa ganinta ba sai a littafin makaranta. Ya miƙa wa Yaya kart da hannu biyu, ya ce in mun ganta mu gaishe ta.

Daga Jibiya zuwa Katsina ban ji baƙunci ba, don bakinsu namu ne. Kano ce ta ba ni tsoro. Ƴan uwa, na ga mutane. Na ɗauka ranar kasuwa ce, Lawali ya ce kullum haka take. Muka sauka wurin mai masaukinsa, wanda ke karɓar fataken shanu. Matarsa ta kawo mana fura da ƙanƙara a ciki, haƙorana suka amsa. Da safe aka kawo wa Yaya shayi a wani ƙaton kofi, fari fat da madara, ga burodi. Ya ɗanɗana, ya aje, ya tambaye ni a hankali ko kunun jarirai ne aka yi kuskuren kawo masa. Su can shayi karin kumallo ne, a kurɓe a tashi. Ba su san a zauna a kansa ba, a sha na fari mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku. Amma mutanen kirki ne. Matar nan ta cika mini jaka da soyayyar gyaɗa, ta raka mu har bakin titi.

Hanyar Bauchi doguwa ce, ƙafafuna suka kumbura. Abin da na riƙe daga garin shi ne masa. Mu ma muna toya waina, amma tasu ta shinkafa ce, fara, mai taushi kamar auduga, ana zuba mata miya. Na ci har na ji kunyar ɗana.

Daga Bauchi muka ɗauki wata ƙaramar mota har ƙofar dajin. Tun daga nan Yaya ya kasa zama daidai. Ya sa aka tsaya, ya sauka, ya shiga ciyawa. Ta shanye shi har rawani. Ya tumɓuko wata ya shinshina, ya tauna, ya ce a tambaya masa garken wa ke ci a nan. Aka ce masa an hana shanu shiga, na namun daji ne kaɗai. Can ya ce lalle giwa tana da gata a ƙasar nan.

Masaukin baƙi yana can tsakiyar daji, ɗakuna a jere, ga wani ruwa mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar idon zakara. Maza da mata na shiga tare. Ni dai na tsoma ƙafata daga gefe na kau da kai, kumburin kuwa ya saɓe. Gadu na yawo tsakanin ɗakuna da ƴaƴansa kamar tumakin gida. An gargaɗe mu kan gwaggon biri, na ɗauka irin gargaɗin da ake yi wa yara ne. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, na kwance ƙullin cuku, na juya in ɗauko ruwa. Ko da na waiwayo, ga wani ƙato zaune a wurina, ya rungume ƙullin a ƙirji. Na ce masa kai. Ya dube ni kamar ni ce baƙuwa, kuma ni ce. Cukun da na ɗauko tun daga Dakoro a kan rufin ɗaki aka cinye shi, ina kallo.

Wanda aka ba mu ya zaga da mu sunansa Malam Bala, ma'aikacin dajin ne, mutum mai sanyin magana. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya tambaya me ya sa muka zo yanzu. Yaya ya ba shi amsa da ƙarfin zuciya, ya ce mun jira ne su ƙoshi. Malam Bala bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce da rani ake ganin giwa, lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai kogi, ciyawa ta kwanta, dole kowace dabba ta zo mashaya. Yanzu kuwa kowane kwari da ruwansa, sun watsu, ko suna nan kusa ciyawa ta rufe su. Ya ce mu komo bayan sanyi.

Na dubi Lawali. Mu uku mun san bayan sanyi ba sauran taga. A lokacin ma sai an kama kafaɗar Yaya an juya shi kafin ya ga mai yi masa magana.

Duk da haka muka shiga mota mai buɗaɗɗen baya muka yi ta zagaye, safe da yamma, safe da yamma. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna daga nesa, mun ga bayan dorina a ruwa. Mun ga kashin giwa ɗanye, da itacen da ta karya, da sawunta wanda Yaya ya durƙusa ya auna da hannuwansa biyu bai rufe ba. Ita kanta ba mu gani ba. Ƙudan tsando ya cije mu har muka gode Allah.

Ranar da za mu bar masaukin, Lawali ya ja ni gefe. Ya ce akwai wani baƙin dutse da muka wuce jiya, can ƙetaren fadama, mai kama da bayan dabba. Ya ce in aka tsaya nesa aka nuna wa kawunsa, aka ce ga ta can, zai koma gida da farin ciki, ba kuma wanda zai cutu.

Na ce, "Lawali, mutumin da ya goya ni a bayansa zuwa rijiya za ka nuna wa dutse?"

"Inna, to mu mayar da shi haka, hannu wofi?"

"Mu mayar da shi haka. Zai zauna cikin duhu sauran kwanansa yana duban abin da ya gani na ƙarshe. Ba zan sa masa dutse a wurin ba."

Ya sunkuyar da kai. Ba mugun yaro ba ne, tausayi ne ya yi masa yawa.

Malam Bala ne ya same mu muna ɗaure kaya. Ya ce ƙauyensu yana bakin dajin, kuma an yi masa waya cewa giwaye sun fara fitowa gonaki, don da kaka dawa suke bi. Ya ce bai yi mana alkawari ba, amma in muna so mu kwana can, zai kai mu gidan wansa.

Wan nasa shi ne Malam Sale, manomi, siriri, idanunsa jajur don rashin barci. Ya karɓe mu kamar ya san mu, ya ba Yaya ɗakinsa. Matarsa Dije ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar kuka. Muna ci ta tambayi abin da ya kawo mutanen Nijar wannan lungu. Da Lawali ya faɗa mata, ta aje ludayi.

"Giwa kuka zo gani? Don Allah, Hajiya, in kun tashi ku kora su gaba, ku tafi da su can. Har igiya zan ba ku."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Mu muna tsoron fara da tsuntsu da shanun maƙwabci. Su abin da ke shiga musu gona ba ya jin sanda. Sukan kwana bakin gona da garewani da ganguna da wuta, suna ƙona barkono don hayaƙin ya kore su. Wani lokaci su ji, wani lokaci su ƙi. An hana a harbe su. Gonar Malam Sale ita ce ta ƙarshe wajen daji, dawarsa ta nuna, saura kaɗan a yanke, ita ce kuma abincin gidan na shekara.

Gari ya fara wayewa, mun idar da salla, sai muka ji garewani daga gabas, da ihun maza. Malam Bala ya zo da sauri ya ce mu biyo shi, kada wanda ya wuce gabansa. Lawali ya goya kawunsa, tsoho mai rawani a bayan ɗan ƙanwarsa, ba wanda ya ga abin dariya. Malam Bala ya hau da mu wani tudun dutse da ke kallon gonakin, ya ce nan za mu tsaya.

Na gan su. Ƴan uwa, na gan su. Kun san rumbun Alhaji na bakin kasuwa? To, ku ce rumbuna ne suka tsiro da ƙafafu suna tafiya cikin dawa, ba gaggawa, ba tsoro. Kunnuwa kamar tabarmi ana kaɗawa. Babbar tana naɗe karan dawa da hancinta, dami guda, ta kai baki. Akwai ƙarami a tsakaninsu, wanda bai fi bijimi ba, yana bin uwarsa. Duk ƙarar da ake yi, su kamar ana musu kiɗan biki.

Yaya yana ta juya kai, yana cewa ina, ina. Ya dubi sama da su, ya dubi ƙasa da su. Sun fara juyawa za su koma daji. Na zo bayansa na kama kansa da hannuwana biyu, kamar yadda ake kama kan yaro za a yi masa aski, na saita shi a kan babbar. Na ji wuyansa ya ƙage. Na bi ta da kansa a hankali, tana tafiya ina juya shi, tana tafiya ina juya shi, har ta kai bakin itatuwa. A nan ta tsaya ta juyo, ta buɗe kunnuwa, sannan ta shige.

Bai yi kabbara ba. Rawaninsa ta wajen kumatu ya jiƙe a hannuna.

Sai muka ji muryar Malam Sale daga ƙasa yana salati. Muka sauka. Gonar da na gani jiya da yamma tsaye, ta fi mutum tsawo, ta zama kamar inda aka yi sussuka. Abin da suka ci kaɗan ne a kan abin da suka tattake. Dije tana tsaye da hannu a ka, ba hawaye.

Yaya Illa ya sa aka kai shi gaban Malam Sale. Ya laluba ya kama hannunsa.

"Malam, a ƙasarmu in dabba ta shiga gona, mai ita yakan zo ya tsaya a gaban mai gona. Waɗannan ba mai su da zai zo. Ni kuwa jiya a ɗakinka na kwana, na ci tuwonka, na raba dare ina roƙon Allah ya kawo su. To ga ni, na tsaya."

Malam Sale ya dube shi. Sannan ya ce, "Baba, suna zuwa tun kafin ka san hanyar garin nan. Ba roƙonka ba ne. Ka dai gan su?"

"Na gan su."

"To, alhamdu lillahi. Ko mutum ɗaya ya samu wani abu a gonar nan bana."

Ba mu tafi ranar ba. Yaya ya tuɓe babbar rigarsa, ya durƙusa cikin karan da aka tattake, yana lalube da hannu yana tsamo zangarniyar da ba ta fashe ba. Ni da Dije muna bin bayansa da kwando, Lawali yana ɗaurewa. Maƙwabta suka zo suka shiga. Har rana ta faɗi muna tsinta. Abin da muka tara ba zai kai su ko tsakiyar rani ba, amma mun tara. Washegari muka kamo hanyar gida, kuma a bakin iyaka ba mu tarar da yaron nan ba, balle mu isar masa da gaisuwa.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare. Malam Bala yana nan kan aikinsa, yakan kira Lawali a salula su gaisa. Lawali ya ci gaba da fataucinsa, kuma tafiyarsa ta gaba ya sa buhunan hatsi da jajayen awaki biyu daga garken kawunsa a motar shanu, daga Kano aka miƙa su har ƙauyen. Dije ta aiko cewa awakin sun haihu, kuma ɓarnarsu a gona ta fi ƙarfin bakinta, amma aƙalla su suna jin sanda. Malam Sale ya sake shuka gonar nan, don ba shi da wata. Ni kuwa ga ni gabanku, ƙafa ta warke.

Yaya Illa, sanyi bai fita ba idon ya rufe gaba ɗaya. Yana zaune a zaure da butarsa, yana gane kowa da takunsa. Bai taɓa cewa da mun sani ba. In kaka ta gabato, bayan kowace salla a masallacin unguwarmu, za ku ji tsoho ɗaya ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya tsare gonakin Musulmi daga fara, da tsuntsu, da giwa. Da farko yara na dariya, don ba wanda ya taɓa jin giwa ta taka ƙasar Dakoro. Yanzu liman ma yakan ce amin.

Iyakar abin da na gani ke nan. Mai carbi ta ci gaba da jansa.